Takalmin Ƙafar Hagu

Ina da shekara uku shan inna ya taɓa ni. Ban tuna zazzaɓin ba, Mama ce take ba da labarinsa. Ta ce kwana biyar jikina kamar garwashi, da ya sauka aka tsayar da ni sai na zube. Tun daga nan ƙafata ta hagu ba ta ƙara kamo 'yar'uwarta ba. Ta tsaya siririya, kuma ta fi ta dama gajarta da kamar faɗin yatsu huɗu. Ina tafiya ba sanda, amma kowane taku sai kafaɗata ta yi ƙasa ta dawo.

A Hayin Dogo na girma, a Samaru. Iyayenmu mutanen kudancin Kaduna ne, aikin lebura a gonakin gwaji ya kawo Baba Zariya tun yana saurayi. Mu kuwa nan aka haife mu, Hausa ce bakinmu. Mu biyu kaɗai Allah ya bar musu, ni da ƙanwata, shekara huɗu tsakaninmu.

Ba wanda ya koya mini ɓoye ƙafar, ni na koya wa kaina, kuma na ƙware. Zanina kullum yana share ƙasa. Ranar Lahadi ni ce ta farko a coci, in samu benci na baya in zauna tun ba kowa, ni ce kuma ta ƙarshe a fita, sai an watse. In an kira mata su fito gaba da rawa lokacin baiko, wato ba da sadakar coci, sai in ba ta kusa da ni ta jefa mini nawa. Mutane suna cewa yarinyar nan akwai natsuwa, akwai tsoron Allah. Ni na san tsoron da nake ji.

Da na gama sakandare na koyi buga takardu, na samu aiki a wani shago a bakin titin Samaru, daura da jami'a. Kwamfuta uku, injin hoton takarda ɗaya, da janareta mai hayaƙi a bayan shago. Ɗalibai ne masu kawo mana aiki, musamman 'yan ajin ƙarshe da furojet ɗinsu. Hannuna yana da sauri, kuma ina iya karanta rubutun da mai shi ma sai ya ƙura ido. Amma abin da ya fi ɗaure ni da aikin shi ne teburin. Yana da katako ta gaba har ƙasa. Duk wanda ya shigo, daga ƙugu zuwa sama yake ganina. Akwai ɗaliban da na yi wa aiki shekara huɗu, muna hira muna dariya, har suka gama suka tafi ba su taɓa ganina a tsaye ba.

Ƙanwata kuwa wata iri ce daban. Kafin ka gan ta ka ji muryarta. Karatu bai dame ta ba, ɗinki take so, sai Baba ya kai ta wurin wata Bayarabiya mai shagon ɗinki a Sabon Gari. Kullum da safe ta hau bas ta tafi, da yamma ta dawo da zare a gashinta da labarai cike da baki. Ta iya kwaikwayon kowa, uwar ɗakinta, kwandasta, mai kifi. Sau da yawa ba ta wucewa gida kai tsaye, sai ta sauka a shagonmu, ta ɗane gefen teburina tana cin gyaɗa har in tashi.

A irin wannan yammacin ne ta zo mini da maganar takalmi.

Ta ce, "Yaya, na samo miki mutum."

Na ce, "Miji?"

"Wanda ya fi miji amfani. Wani dattijo ne Inyamuri, a layin masu takalma bayan kasuwa. Yana yin takalmi mai tudu. Na ga wani malamin makaranta ya zo karɓar nasa, ƙafarsa irin taki ce sak. Da ya saka ya miƙe, wallahi sai da na bi shi da kallo har ya sha kwana."

Na leƙa in ga ko wani ya ji. Abokiyar aikina tana wajen injin hoto, ɗalibai biyu suna jiran takardunsu. Na ce mata ta rage murya.

Ta rage, amma ba ta bar maganar ba. "Ya ce sai kin zo da kanki ya gwada. Ran Asabar mu je tare."

Na ce to, sai dai wannan Asabar ina da aiki.

Asabar ta gaba ma ina da aiki. Ta bayanta kaina yana ciwo. Daga Samaru zuwa Sabon Gari ba wata tafiya ba ce, bas ɗaya ce, ta bi ta Hanwa ta wuce Kwangila shi ke nan. Amma ni in na rufe ido ba nisan nake gani ba. Ina ganin matakin bas mai tsawo da yadda zan ja ƙafar in hau mutane na jira. Ina ganin tsakiyar kasuwa, inda ba bangon da zan raɓa. Sannan a ƙarshe in zauna gaban baƙon namiji in ɗage zani in miƙa masa abin da ko Mama na daina bari ta gani tun ina aji shida.

Wata biyu tana bi na. Rannan ina wanki a tsakar gida, na miƙe ƙafafu a kan tabarma, sai ga ta da kwali da fensir. Ta durƙusa ta kama ƙafata ta hagu za ta ɗora a kan kwalin.

"Tunda ba za ki je ba, bari in zana in kai masa."

Na fizge ƙafata da ƙarfi har na ture bokitin ruwa. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba, amma ya daɗe a ciki.

Na ce, "Ki faɗi gaskiya kawai. Kunyar tafiya da ni kike ji. Kina so a gyara ni kafin ki nuna ni ga mutanenki na Sabon Gari."

Ta tsaya a durƙushe, ruwan sabulu yana bi ta ƙarƙashin gwiwarta. Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "Ni, Yaya?" Ta ɗauki kwalinta da ya jiƙe ta shiga ɗaki. Ba ta sake yi mini maganar takalmi ba. Na ji daɗin hakan a lokacin, har ina ganin na yi nasara.

Bayan shekara ɗaya ta samu miji, wani malamin firamare, Bahaushe Kirista daga ƙauyukan Zariya, yana zaune a Jushi. Mutum ne mai sanyin hali, ita ke magana shi yana murmushi. Da aka sa rana ta ce ni ce babbar ƙawarta, ni zan tsaya a bayanta a coci. Ta ɗinka mini riga da siket da hannunta, ruwan toka mai haske, ta yi siket ɗin dogo har ƙasa ba tare da na roƙa ba.

Na ce ba zan iya ba. Babbar ƙawa tana shigowa ne a bayan amarya, tun daga bakin ƙofa har gaban bagade, a hankali, ana kiɗa, kowa ya juyo yana kallo.

Ta ce, "To ki riga mu shiga, ki jira ni a gaba."

"In an gama fa? Ai da rawa ake fita."

"Sai ki riƙe hannuna."

Na ce ta nemi wata. Mama ta sa baki, Baba ma ya kira ni ya yi mini magana a hankali, irin tasa. Ban motsa ba. A ƙarshe wata abokiyar ɗinkinta ce ta tsaya mata.

Ranar bikin na saka kayan, amma na ɗaura tsohon zani a kai na shige bayan gida wurin matan zumuntar coci, inda ake girki. Nan na wuni ina yanka kabeji ina zuba shinkafa a robobi. Da rana ta yi aka dawo daga coci, na ji mai hoto yana kiran dangin amarya. Na ji ana cewa ina yayarta. Na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka. Sai ga ta da kanta, cikin farar rigarta, ta tattare gindin rigar a hannu tana tsallake tokar murhu da ruwan wanke-wanke. Matan suka hau guɗa suna cewa amarya ta koma kar ta ɓata kaya.

Ta tsaya a kaina. "Yaya, ki zo. Ko a zaune ne. Zan sa a kawo kujera."

Na nuna mata hannuwana. "Kin ga duk mai ne. Ku ɗauka, ina zuwa."

"Ba za ki zo ba."

"Na ce ina zuwa."

Ta juya ta tafi. Hoton yana nan a ɗakin Mama har yau. Baba da Mama, ango da amarya, 'yan'uwan Baba biyu da suka zo daga gida. Tana murmushi a ciki, amma ni na san irin dariyarta, ba wannan ba ce.

Ba ta riƙe ni a zuciya ba, ko kuma ta riƙe ba ta nuna ba. Bayan ta tare a Jushi, kowace Lahadi in an tashi coci sai ta hau bas ta zo Samaru. Ta kawo mini guntayen atamfa, ta kwanta a gadona ta ba ni labarin maƙwabtanta. Kullum in za ta tafi sai ta ce, "Yaushe za ki zo ki ga ɗakina?" Ni kuma in ce ina nan zuwa. Shekara ɗaya da rabi ina nan zuwa. Har labulen ɗakin na san launinsa, da inda ta ajiye keken ɗinkinta, da bishiyar gwaiba da ke bakin rijiya, duk a bakinta.

Da cikinta ya tsufa ƙafafunta suka kumbura, ta daina zuwa. Lokacin wayar hannu ta fara yawa, mijinta yana da ɗaya, mu kuma akwai ta shago da mutane ke zuwa bugawa. Wata Litinin da hantsi aka ce ana nemana a waya.

Muryarta ta yi ƙasa, ba kamar yadda na saba ji ba. Ta ce, "Yaya, ki zo ki zauna da ni kwana biyu mana. Shi yana makaranta tun safe, ni kaɗai nake wuni. Mama ta zo jiya, amma ba ta iya barin Baba da ciwon ƙafarsa."

Na ce, "Kin san lokacin furojet ne. Aiki ya yi mana yawa."

"Na sani."

"Bari su miƙa, sati mai zuwa zan zo in yi miki sati guda cur."

Sai ta ce, "Tsoro nake ji, Yaya. Ban san dalili ba."

Na yi dariya, na ce kowace mai cikin fari haka take ji, ta yi addu'a ta daina tunani. Ta ce to. Akwai mai jiran waya a bayana, na ce sai anjima.

Gaskiya ne aiki ya yi yawa. Amma mai shagon mutumin kirki ne, da na tambaya da ya bar ni. Maganarta ta hana ni sukuni kwana uku. Ran Alhamis na shirya kaya a jaka, na gaya wa Mama zan tafi Jushi, ta ce Allah ya yi mini albarka. Na fito bakin titi na tsaya inda bas ke tsayawa.

Ta farko ta zo a cike, na bar ta. Ta biyu ta tsaya daidai gabana, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran Sabon Gari. Na taka zuwa ƙofar. A kujerar baya akwai ɗalibai uku, biyu daga ciki na san su, ina buga musu aiki. Ɗayar ta gan ni ta ɗaga hannu da fara'a, sai idonta ya sauka ƙasa, ya dawo fuskata da sauri. Kwandastan ya ga yadda na tako, ya juya ciki ya ɗaga murya.

"Ku matsa wa gurguwa ta zauna a bakin ƙofa!"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Har hannu ya miƙo zai karɓi jakata. Mutane suka fara gyara zama. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar titi. Na ce masa ba tafiya zan yi ba, wani nake jira. Ya buga jikin motar suka wuce.

Na koma shago da jakata, na tura ta ƙarƙashin tebur, na zauna na buga babi biyu na wani aiki a kan noman waken soya. Da yamma na gaya wa Mama mai shago ne ya hana ni. Na ce wa kaina ran Litinin zan tafi da sassafe, kafin ɗalibai su fito.

Ran Asabar da safe ta haihu, mace. Mijinta ya bugo yana murna, Mama ta ɗauki fulas ta tafi asibiti, ni na ce zan biyo ta in na rufe aikin da ke hannuna. Wajen azahar wayar shago ta sake ƙara. Shi ne, amma da ƙyar na gane muryarsa. Ya ce jini ya ƙi tsayawa, in zo yanzu.

Ban san yadda na fita ba. Na tare ɗan acaɓa, na ɗage zani har gwiwa na hau, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. A ƙofar asibitin na sauka na kama gudu. Gudu na sosai, irin nawa, kafaɗa na faɗuwa tana tashi, takalmi ɗaya ya fita na bar shi. Barandar cike take da mutane. Ko sun kalle ni ko ba su kalle ni ba, ban sani ba, kuma ba abin da ya same ni. Wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina shekaru da yawa: ashe abin da nake tsoro bai fi haka ba.

Na tarar da Mama zaune a ƙasa a bakin ɗakin, ta cire ɗankwalinta ta riƙe a hannu. Da ta gan ni ta girgiza kai kawai.

Daga baya Mama ta gaya mini sau biyu ƙanwata ta tambaya ina nake kafin ta cika. Da safe bayan ta haihu ta ce, "Yaya ta taho?" Aka ce tana hanya. Da jikin ya fara rikicewa ta sake tambaya. Na roƙi Mama ta gaya mini ko ta ƙara cewa wani abu, ko da fushi ta tambaya. Mama ta ce a'a, tambaya kawai ta yi.

Ranar farko da na shiga ɗakinta a Jushi, zaman makoki ne ya kai ni. Komai yana inda ta ce. Keken ɗinki a gindin taga, da wata 'yar rigar jariri a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ba a haɗa ba. Na zauna a bakin gadon ina kallon labulen. Mata suna shigowa suna yi mini gaisuwa, suna cewa sai haƙuri, Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa. Wata maƙwabciyarta ta kama hannuna ta ce, "Ke ce Yayar? Kullum maganarki take yi. Mun ɗauka ma a Kaduna kike."

Uwar mijin ta zo daga ƙauye ta zauna don ta riƙe jaririyar. Ni na koma Samaru, na koma bayan teburina. Wata uku ina buga takardu kamar inji. Ba na kuka a gaban kowa. Baba ya rame, Mama ta daina zuwa zumunta. A gidan ba mai ɗaga murya, sai a lokacin muka gane ita kaɗai ce take yi mana surutu.

Wata rana mijinta ya zo gaishe da su Baba. Da zai tafi ya ce in raka shi bakin hanya. Muna tsaye ya ce, "Yaya, akwai wani mai takalmi da ya tare ni a kasuwa. Ya ji abin da ya faru. Ya ce in gaya wa yayarta har yanzu yana jira." Ya dube ni. "Ban gane maganar ba, amma na ce zan isar."

Ashe ba ta daina zuwa wurinsa ba. Ni kaɗai ta daina yi wa maganar.

Asabar ɗin da ta biyo na hau bas. Matakin yana da tsawo kamar yadda na zata. Na kama ƙarfen ƙofa na ja ƙafar, wata tsohuwa ta matsa mini, shi ke nan aka tafi. A Sabon Gari na sauka na ratsa kasuwa ina tambayar layin masu takalma. Wasu sun kalle ni. Wani mai baro ya ce in ba shi hanya. Wata mai tumatir ta kira ni in zo in saya. Kowa yana ta kansa.

Shagon ɗan ƙarami ne, warin gam da fata ya cika shi. Dattijon yana zaune da tabarau a kan hanci, furfura ta gama cin kansa. Tun kafin in yi magana ya ajiye gudumarsa. Hausarsa irin ta mutanen Sabon Gari ce, ba ya raba mace da namiji.

Ya ce, "Kai ne yayansa. Zauna, 'yata."

Na ce yaya aka yi ya gane ni.

"Tafiyanka. Ya nuna mini." Dattijon ya nuna filin da ke gaban shagon, tsakanin kwata da teburin mai goro. "Nan. Na ce ban iya yin takalmi sai na ga ƙafa. Ya ce to duba, haka yayana yake tafiya. Ya tafi can, ya dawo. Ya sake tafi, ya dawo. Mutane suna dariya, suna cewa yarinyan nan ya haukace. Bai kula ba. Ya ce mini, Baba, duba kafaɗa, nan ne yake masa ciwo da yamma."

Ban taɓa gaya wa kowa bayana da kafaɗata suna ciwo da yamma ba.

Ya ce ko bayan aurenta takan biyo in ta zo sayen zare, ta gaishe shi, ta ce yayarta tana nan zuwa, kar ya manta. Zuwanta na ƙarshe da ciki ne, ta zauna a bencin da nake zaune ta huta.

Na ɗage zanina da kaina. Ya ɗauki ƙafar a hannunsa kamar yadda zai ɗauki kowace ƙafa, ya juya ta, ya duba dunduniya, ya zana ta a takarda. Sannan ya ce in miƙe in dafa bango. Ya riƙa tura 'yan falankai a ƙarƙashin ƙafar hagu, ɗaya bisa ɗaya, yana ja da baya yana duban ƙuguna. A na huɗu ya ce in saki bangon.

Na saki. Na tsaya a kan ƙafafu biyu, nauyina ya rabu daidai, kafaɗuna suka yi kai ɗaya. Ina da shekara ashirin da tara, ban taɓa sanin yadda hakan yake ba. Sai kukan da na riƙe wata uku ya ɓalle, a tsaye, a kan falankai, ƙofar shago a buɗe mutane na wucewa. Dattijon bai ce in yi shiru ba. Ya koma kujerarsa ya jira har na gama.

Da na share fuska ya ce, "Ka ji gaskiya. Takalmi ba zai hana ɗingishi ba. Ƙafan ba shi da ƙarfi, haka zai zauna. Amma baya zai huta."

Haka kuwa aka yi. Bayan sati biyu na karɓi takalmin, baƙi, mai igiya, na hagun da tudu kamar bulo. Ba shi da kyau ko kaɗan, kuma ba zanin da zai ɓoye shi sai in ya ja ƙasa ya kayar da ni. Dole na ɗage ɗaurin zanina zuwa idon sawu. Ran Litinin na shiga shago da shi, da wata ɗaliba ta kawo aiki na tashi da kaina na je na ɗauko mata takardunta daga injin. Ta kalli takalmin, ta kalle ni, ta ce na gode, ta tafi.

Ba zan ce daga ranar na daina jin kunya ba. Har yanzu in na shiga wurin da ban saba ba, takan taso mini. Abin da ya canza shi ne na daina jira sai kunyar ta tafi kafin in tashi. In abu ya kama a yi, ina tashi da ita mu tafi tare. Kuma kalmar nan ta "ina nan zuwa" ta fita daga bakina. In zan zo sai in faɗi rana, in ba zan zo ba in ce ba zan zo ba.

Kowace Asabar nakan hau bas zuwa Jushi. Na koyi goyo a kan 'yar ƙanwata, kakarta tana riƙe da ita ta baya har in ɗaure zani, tana cewa in yi a hankali. A gabana ta fara zama, a gabana haƙorinta na fari ya fito. Da ta fara magana ba ta iya cewa komai a kaina sai "Yaya", don kuwa haka take jin ubanta yana kirana. Ranar da ta fara faɗa na fita bakin rijiya na daɗe ban dawo ba.

Shekara uku muna haka. Sai aka yi wa ubanta canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can wajen ƙauyensu, kuma danginsa suka samo masa mata. Ya zo da kansa ya gaya wa su Baba, yana magana yana kallon ƙasa. Ba wanda ya ga laifinsa. Na so in roƙe shi ya bar mana yarinyar, har na shirya maganar a bas. Da na isa na ga yadda ta kwanta a ƙirjinsa tana wasa da maɓallin rigarsa, sai na haɗiye.

Ranar tafiyarsu na je da wuri na taya su ɗaure kaya. Ya ce keken ɗinkin nawa ne in ina so, na ce ina so. Aka loda sauran a bayan wata akori-kura, kakar ta shiga gaba da yarinyar a cinyarta. Na miƙa mata ledar biskit ta taga. Ta karɓa, ta ce, "Yaya, hau mana." Na ce motar ta cika, amma zan zo ranar Kirsimeti. Direba ya tayar da mota. Na bi su a ƙafa har bakin kwalta, tana leƙowa tana ɗaga mini biskit ɗin, sannan na dawo na nemi mai baro ya ɗaukar mini keken zuwa tasha.